Sawu a Cikin Kwamfutar Bagadaza

Ranar Asabar da safe aka kunna kwamfutar ƙungiyar 'yan gudun hijira ta Bagadaza, aka tarar sunayen mutum ɗari huɗu da goma sha biyu babu su. Sunayen waɗanda suka ɓace ne a Damboa da Gwoza da ƙauyukan wajen, kowa da hotonsa in an samu, da ranar da aka yi masa ganin ƙarshe. Wata bakwai ana tara su, kuma Laraba mai zuwa ya kamata a miƙa wa masu aikin haɗa dangi.

Kafin azahar unguwa ta gama yanke hukunci: akwai ɗan leƙen asirin mutanen daji a cikin ƙungiya. A bazarar 2015 irin wannan magana ba ta buƙatar shaida, baki ɗaya ya ishe ta.

Ni aka kira. Sunana Selina, ina da shagon gyaran kwamfuta a bakin Kasuwar Gombe. Na isa a gajiye, domin sau uku aka sauke mu daga Keke Napep a shingen bincike, ga shi tun da aka fara tayar da bom a tashoshin mota ban ƙara yin barcin kirki ba.

Kwamfutar mai ɗaki biyu ce. Ɗaya Windows, inda ake buga wasiƙu, ɗaya Linux, inda rajistar take. In an kunna ta, wani ɗan ƙaramin shiri da muke ce wa butloda ne yake tsayawa a bakin ƙofa ya tambaye ka ɗakin da za ka shiga. Ranar babu mai tambaya. Kai tsaye ta faɗa Windows, sabo fil, babu ko wasiƙa ɗaya.

Na duba inda na'ura take rubuta tarihinta, na karanta a fili, mutane cike da ɗaki: "An sake zuba Windows jiya Juma'a, ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu."

Alhaji Abdulgafar, shugaban ƙungiya, ya ce, "Wa yake ɗakin nan ƙarfe ɗaya?"

Kowa ya waiwaya ya dubi Safiyanu, mai shara da tayar da janareta. Shi kaɗai ya fito daga wani ƙauyen Damboa, a makare, ba mata ba ɗa, babu kuma wanda zai tsaya ya ce ya san ubansa. Ban kai ga cewa a bari in ɗauko kayan aikina in ƙara dubawa ba, Alhaji ya zare waya daga bango, ya ce shaida ce kada a taɓa, ya kulle ɗaki. 'Yan banga suka tasa Safiyanu gaba zuwa zauren mai unguwa. Har yau ina jin haushin bakina.

*

Mai unguwa ya ba da wa'adi: Litinin bayan la'asar za a miƙa Safiyanu ga jami'an tsaro. Wanda aka miƙa da irin wannan zargi kuwa, ba a sa masa ranar dawowa. Amma hankalinsa bai kwanta ba, sai ya aika unguwar Gabukka aka zo da Wakili Bubayero da safiyar Litinin ɗin.

Wakili mai bin sawun shanun sata ne. Shekara arba'in yana wannan aiki, har daji ya gagari shiga, ya dawo gari yana zaman jiran abinci a gidan ɗansa. Dogo ne siriri, da sanda da malfa, ga gwiwa mai ciwo. Da aka nuna masa ni ya ce, "Ke ce likitan akwatin?"

"Ni ce, Bappa."

"To, ni ban san akwati ba, ke ba ki san sawu ba. Mu haɗa jahilcinmu mu gani."

Muka fara da Safiyanu. Yana zaune a lungun zaure, leɓensa a kumbure. Wakili ya sauka kan tabarma da ƙyar, ya gaishe shi doguwar gaisuwa kamar a gidansa ya same shi.

"Me ka yi ranar Juma'a?"

"Abin da nake yi kullum, Baba. Malama Jumma ta gama shigar da sunaye sha biyu da rabi, ta kashe. Na kashe janareta, na rufe famfon mai, na yi shara. Ɗaya da rabi na kulle, na kai mata makulli cikin gida, na tafi masallaci."

"Kullum ita kake kai wa?"

"Duk Juma'a. Maza duk muna masallaci, ita kuma ɗakinta yana bayan ofis."

"Ka iya taɓa akwatin?"

"Goge masa ƙura na iya." Sannan ya ce, "Da safen Asabar na tarar da famfon mai a buɗe. Na faɗa musu. Suka ce ƙarya nake."

"Wata bakwai kana shara a nan. Nawa ake ba ka?"

"Ba a ba ni komai. Sunan matata nake so a saka, Hikima. Dokar ƙungiya sai da shaidu biyu da suka san mutum. Ni ba ni da ko ɗaya. Na ce in na zauna kusa, wataran wani daga garinmu zai shigo."

Wakili ya miƙa min hannu na taimaka masa ya miƙe.

*

Ƙofar ofis bai ko tsaya dubawa ba. Ya ce ƙafa ɗari ta bi ta nan tun Asabar, ko giwa ce ta wuce an tattake sawunta. Ya zagaya baya, inda janareta take ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano. Ƙasar wajen ta sha baƙin mai, ta yi laushi. Ya durƙusa ya daɗe, ni kuma rana tana gasa min ƙeya.

"Zo ki gani. Wannan na Safiyanu ne, takalmin taya, duk wuri ɗaya yake tsayawa, ja ɗaya ta tashi. Wannan kuma silifas ne, ƙarami, a kan nasa ya hau. Na sama shi ne na baya, wannan ko yaro ya sani. Dubi yadda dunduniya ta nutse, nan, da nan, da nan. Mutum ne da bai saba ba, ya yi ta jan igiya yana zamewa."

Ya kamo igiyar ya juya ta. Hannun robar ya daɗe da karyewa, an ɗaure guntun ƙarfe a madadinsa. Ya shafa bakin ƙarfen da yatsa, ya saki.

"Silifas rabin unguwar nan suna sawa," na ce.

"Shi ya sa ban ce komai ba tukuna."

*

Alhaji Abdulgafar ya karɓe mu a tsaye, makulli a hannu. Mutumin kirki ne, amma tsoro ya mayar da shi mafaɗaci. Ya ce shi bai ga amfanin mai bin shanu a maganar kwamfuta ba, na'ura ta faɗi lokaci, na'ura kuma ba ta ƙarya. Da Wakili ya tambaye shi wa ya iya sarrafa ta, ya lissafa: shi kansa kaɗan, Malama Jumma, sai Elias.

"In ma ba Safiyanu kaɗai ba ne, ku duba Elias," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Makon jiya ya yi ta faɗa wai an bar sunayen mutanensu na coci a baya. Kuma shi ba ya zuwa masallaci, ina yake a lokacin?"

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Ni ma ba na zuwa masallacin, Alhaji ya mance ko bai damu ba.

Elias tsohon ma'aikacin asibiti ne daga Gwoza, ɗakinsa yana kallon ofis. Mun same shi a kwance, zazzaɓi ya zabge shi. Takalminsa na bakin ƙofa, Wakili ya ɗan tura shi da sanda: ƙato, mai igiya.

"Faɗan gaskiya ne, na yi," Elias ya ce. "Amma sunan 'yata yana ciki, Baba. In goge 'yata?"

"Me ka ji ranar Juma'a?"

Ya dube ni, ya dubi ƙofa. "Ba na son in shiga."

"Ka riga ka shiga, an ambace ka."

Ya nisa. "Na ji janareta. An daɗe ana ja kafin ta tashi. Lokacin lasifika tana karatu, liman ya tayar da salla. Amma da wannan baiwar Allah ta ce ƙarfe ɗaya, sai na ce zazzaɓi ne ya rikita ni. Kuma in na ce ina nan a lokacin da kowa yake masallaci, ka san abin da zai biyo baya."

A waje Wakili ya tambaye ni ƙarfe nawa ake tayar da Juma'a a masallacin unguwa. Wani mai shago ya amsa mana: biyu daidai, ba ta wucewa.

"To, ko mara lafiya ya yi kuskure, ko akwati," in ji Wakili. "Shi na ga idonsa. Mu je in ga idon akwatin."

*

Mai unguwa ya sa baki Alhaji ya buɗe. Aka tayar da janareta. Na soka filas ɗina, ɗan ƙaramin abin ajiyar bayanai wanda yake ɗauke da nasa Linux ɗin, na tayar da kwamfutar daga kansa ba ta ƙofarta ba. Minti biyu na ga abin da ya kamata in gani tun Asabar. Ɗakin rajista yana nan, ko hoto ɗaya bai yi ciwon kai ba. Wanda ya zuba Windows ya share ɗakin wasiƙu ne kawai, sabon Windows ɗin kuma ya kafa nasa mai gadin a bakin ƙofa, wanda bai san da wani ɗaki ba sai nasa.

Na buɗe baki zan yi ihu, Wakili ya ɗora sanda a kan tebur.

"Yi shiru. Faɗa min a hankali."

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai. "Kamar ɓarawon da ya ja reshe a bakin mashaya. Ya share inda aka shiga, shanu suna tsallake suna kiwo. Kada ki faɗa wa kowa tukuna. Dawowar sunaye ba za ta wanke Safiyanu ba, za a ce ya gwada ne bai iya ba. Nuna min wajen lokacin."

Na cire filas, na sake kunnawa ta shiga Windows. Ana cikin haka Malama Jumma ta yi sallama ta shigo da ruwa a kofin silba. Malamar firamare ce daga Damboa, ita ta shigar da kusan duk sunayen da hannunta, na farko kuma ɗanta ne, Shu'aibu, da aka kwashe daga makaranta yana ɗan shekara sha shida. Duk unguwa Goggo Malama ake ce mata. Ta miƙa wa Wakili ruwa da hannu biyu, na dama a naɗe da tsumma.

"Sannu, Malama. Me ya sami hannu?"

"Wuƙa ce, Baba."

"Allah ya sawwaƙe."

Ta fita. Tun safe duk wanda ya gan ni sai ya tare ni da tambayar ko sunaye za su dawo, har mai sayar da rake. Ita ko allon ba ta kalla ba.

Wakili ya sha ruwa, ya matso da fuska kusa da allo, ya nuna kusurwar ƙasa. "Waɗannan lambobin fa?"

"Agogo ne, Bappa. Sha biyu da minti biyar."

Ya leƙa waje, ya dubi inuwar katanga, ya dawo. "Ƙarya yake. Rana ta goce, ɗaya ta yi."

Na zaro wayata. Ɗaya da minti biyar.

Sai da na ji kamar in nutse. Abu ne da na sani tun ina koyon aiki: Linux yana saita agogon cikin na'ura da lokacin GMT, sannan ya ƙara awa ɗaya ya nuna maka namu. Windows ba ya ƙarawa, abin da ya tarar shi yake karantawa. In babu intanet da zai gyara shi, kullum yana baya da awa guda. Ofishin nan kuwa bai taɓa ganin intanet ba. Ƙarfe biyu da minti sha biyu aka yi aikin, ba ɗaya ba.

"Ni na jawo masa," na ce. Hawaye suka zo min, na gajiya da na kunya.

"Kin karanta sawu daidai, ba ki tambayi shekarunsa ba. Ni ma na taɓa bin sawun jiya na kai mutane rugar da ba ruwanta." Ya ɗauki malfarsa. "Ki bar kuka sai an sake shi."

*

Bayan la'asar zauren mai unguwa ya cika har waje. Motar 'yan banga tana tsaye, injinta a kunne. Aka kawo kwamfutar da janareta, aka zaunar da Safiyanu a tsakiya, hannuwansa a ɗaure. Alhaji yana gefe, Elias ya jingina da bango cikin bargo, mata suna bakin ƙofa, Malama Jumma a cikinsu.

Wakili bai yi dogon bayani ba. Ya sa kowa ya dubi wayarsa, ya sa na karanta agogon allo. Biyar saura kwata a hannun mutane, huɗu saura kwata a kwamfuta. Ya juya ga shugaban 'yan banga.

"Ranar Juma'a kai ke laluben mutane a ƙofar masallaci?"

"Ni ne."

"Ka lalube wannan?"

Mutumin ya sosa ƙeya. "Na lalube shi. Yana cikin na ƙarshe, ana tayar da iƙama. Kusa da ni ma ya yi salla."

"To, lokacin da yake ruku'u kusa da kai, wani yana jan janareta."

Sai wani daga baya ya ce, "To wa ba ya masallaci?" Kawuna suka juya wajen Elias, kamar yadda suka juya wajen Safiyanu ranar Asabar, da sauri iri ɗaya. Biyu daga cikin 'yan banga har sun miƙe. Elias ya rufe ido.

Na dubi Wakili. Ya dogara da sandarsa, bai kalli kowa ba sai ƙasa. Ya ce, "Ƙafar da na gani ƙarama ce. Ba zan kira suna ba. Na gaji da kai mutane ƙofar mutane. Mai ƙafar yana ji na, kuma ya ga an kusa ɗaukar mutum na biyu."

Injin mota yana ta ƙugi a waje.

"Ku bar shi." Malama Jumma ce. Ta ratso maza ta tsaya, tana warware tsumman hannunta, yankan ƙarfe ya ratsa tafin. "Ni ce. Makulli yana wurina, faifan Windows yana cikin durowa. An koya mana a kwas ɗin malamai cewa in an zuba sabo, komai ya tafi."

Alhaji ya ce, "Goggo Malama! Ke da kika rubuta su?"

"Wata mata ta iso daga wajenmu ranar Laraba. Ta ce ta ga Shu'aibu a cikin mutanen daji, da bindiga." Muryarta ta dushe. "Na ce in hotonsa ya fita hannunmu, zai kai shingen bincike. In ya samu ya gudo, fuskarsa za ta riga shi isa. Na so in cire shi kaɗai, na ga za a lura, shi ne na farko. Kwana uku ina kallon Safiyanu a nan. Kullum in ce yau zan faɗa."

Aka fara gunaguni, wani ya ce uwar ɗan daji, wata mata ta fashe da kuka tana kiran sunan mijinta da aka goge. Wakili ya buga sanda ƙasa.

"Malama, ni abin da na sani kaɗan ne. In an kama saniya a garken ɓarayi, mai ita ba ya karɓar ta sai in tun farko ya kai cigiya. Rubutun nan shi kaɗai yake cewa an ɗauke yaron nan daga aji, rana kaza. In kin share shi, ranar da ya fito wa zai ce ba da ƙafarsa ya tafi ba?"

Ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta rufe fuska.

Ya juyo gare ni. "'Yata, buɗe musu ƙofar."

Na soka filas, na shiga, na mayar da tsohon butloda mazauninsa. Layi huɗu ne na rubutu, aikin da bai kai dafa shayi ba. Na kashe na kunna. Baƙin allo ya fito da layi biyu yana tambaya, kamar yadda ya saba. Na zaɓi na sama. Rajista ta buɗe, lamba ɗaya, yaro cikin farar rigar makaranta yana ƙoƙarin kada ya yi dariya.

Mutane suka yi caa a kan allo, kowa yana kiran sunan nasa. Mai unguwa ya bari aka lafa, sannan ya ce shi bai ga abin da ya ɓace ba balle a kai rahoto, maganar da aka ji a zaurensa kuma a zaurensa za ta kwana. Ya ce a kashe motar nan ta ishe shi da ƙara.

Aka kwance Safiyanu. Alhaji ya fara ba shi haƙuri, bai tsaya ji ba. Ya nemo takalminsa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin benci, ya sa, ya nufi ƙofa.

"Safiyanu." Malama Jumma ta miƙe ta ja kujera gaban kwamfuta. Ba ta iya haɗa ido da shi ba. "Faɗa min sunanta."

Alhaji ya ce, "Doka fa sai da shaidu biyu..."

"Rubuta ni," in ji Elias daga cikin bargo.

"Da ni," in ji Wakili. "Ban san ta ba, amma na ga inda mijinta ya tsaya wata bakwai."

Safiyanu ya daɗe a bakin ƙofa, bayansa gare mu. Sannan ya dawo ya tsuguna kusa da tebur.

"Hikima," ya ce. "Hikima Adamu. Ba ni da hoto. Tana da wushirya."

Malama ta buga da hannun hagu, harafi ɗaya-ɗaya, a lamba ɗari huɗu da goma sha uku.